Kunnen Baba Likita

Surukina bai taɓa yi wa kowa allura ba, amma duk unguwa Likita ake ce masa. A masaƙa ya samo sunan, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injuna. Abokan aikinsa sun ce idan inji ya fara ciwo, sai ya ɗora bakin sukundireba a jikinsa, ya kafa kunne a ƙotar, ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Boris ne na hagu." A kwance a duba, boris ɗin ne kuwa, wato zoben da sandar injin ke juyawa a cikinsa. Da wannan kunnen ya gina gida, da shi ya aurar da 'ya'yansa, har da wadda nake aure.

Da ya ajiye aiki, zama ya gagare shi. Ya sayi ɗan ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe, irin na kan tebur, ya kafa a ɗakin ajiya na bayan gida. Ɗakin kuwa sai ka karkace za ka shiga: gwangwanaye cike da notina, tsohuwar fanka marar murfi, ƙasa duk ɓarɓashin ƙarfe mai maƙalewa a takalmi. A nan yake wuni, yana sassaƙa wa tela ɗan ƙarfen keken ɗinki, yana yi wa maƙwabta sakatar ƙofa. Ka ce za ka biya shi ku ɓata.

Ni gyaran wuta nake yi, shi ya sa yake kirana Injiniya, kuma wallahi har yau ban san ko yabo ne ko tsiya ba. Wata Asabar da hantsi matata ta ce Baba na nemana. Na same shi da filasta a kumatu. Haƙorin injin ne, wato ɗan ƙarfen da ke yankan, ya karye ya yi tsalle, saura ƙiris ya sami ido. Mama, surukata, ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Ko ka gyara abin nan, ko in sa wa ɗakin kwaɗo. Ba zan yi jinyar makaho a kan sakatar mutane ba."

Baba ya riga ya gama bincikensa. Ya ce allon da ke sarrafa gudun moton ne ya mutu. "Ina murɗawa, muryarsa ba ta tashi. Gudu ya ƙi. Ga sabo na sayo, kai dai ka ɗaura." Ya ajiye mini kwalin a gabana.

Na ce, "To Baba, bari in ɗan dudduba tukuna."

"Dudduba mana, ai an ce kai ne Injiniya."

Na cire wuta, na kwance murfin baya. Fis lafiya lau. Na zaro gawayin da ke kai wa moton wuta, bai cinye ba. Na ɗora mita a kan mamurɗin gudu, ina juyawa a hankali, allurar mitar na hawa sumul ba tsalle. Allon kansa babu ƙuna, babu ƙauri, ko dalma ɗaya ba ta saki ba. Na mayar da komai na kunna.

Baba ya kai hannu ya murɗa har ƙarshe. Kai! Injin ya saki wata ƙara siririya da na ji ta har cikin haƙorana, gwangwanayen kan kanta suka hau rawa. Shi kuwa yana tsaye da hannu a ƙugu, yana girgiza kai.

"Ka ji ko? Kamar mai jin barci."

Nan na gane. Injin na gudun da ya fi ƙarfinsa, shi ya sa haƙori ke karyewa. Gurnanin ƙasa kaɗai Baba ke ji, siririyar ƙarar sama ba ta isa gare shi. Yanzu ta ina zan fara? In dubi mutumin da ya ba ni 'yarsa, mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi, in ce masa kunnen da ake yi masa kirari da shi ya tafi? Kunya ta rufe ni kamar ni na sace masa jin. Sai na ji kaina ina cewa, "Bari a gwada sabon, Baba."

Na zauna ina canza allon da lafiyarsa ƙalau. Ina cire waya ɗaya daga tsohon ina mayar da ita gurbinta a sabon, don kada in rikice, ina jan aikin kamar mai jiran wani ya zo ya cece ni. Baba na tsaye a kaina yana ba ni labarin yadda kayan zamani ba su da ƙarko. Ina ta "Haka ne, Baba," kaina a ƙasa.

Na ɗaure noti na ƙarshe. Ya ce in matsa, shi zai kunna. Ya murɗa kaɗan, ya saurara. Ya ƙara. Ya kai ƙarshe. Ƙarar nan ta dawo, har ta fi ta ɗazu, ban san lokacin da na ɗaga kafaɗa na toshe kunne ɗaya ba, ina yamutsa fuska.

Ashe ni yake kallo.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a jikin injin, ya bar shi a can, ina ganin gudun injin yana girgiza fatar hannun. Ya rage gudun a hankali, hannun na nan, ya sake ƙarawa. Ya kashe. Ya zauna a kan benci, ya cire hula ya riƙe, abin da ban taɓa ganin ya yi a gabana ba.

Ya ce, "Tsohon allon ba shi da laifi."

Na ce, "Babu, Baba."

"Me ka ce?"

Dole na ɗaga murya a kan surukina. "Ba shi da laifi, Baba!" Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

"Kuma ka gane tun kafin ka kwance shi."

Na fara cewa akwai ɗan agogon da ake ɗaurawa ya nuna gudu da lamba, ba sai an saurara ba, zan nemo masa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Idonsa ya yi ja.

"Bar zancen inji, Injiniya. Tun bara nake yi wa uwar matarka faɗa. Na ce ta koyi magana ciki-ciki don ta raina ni. Har cewa na yi tun da na daina fita aiki ta daina ganina da gashi. Ta rantse, ta yi kuka, na ce ƙarya take yi."

Ya mayar da hularsa, ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa. Muka fito tsakar gida. Mama na ɗakin girki, ta ba mu baya, tana wanke tukunya. Ya yi taku biyu ya tsaya cak. Mutumin da ya saba shiga ko'ina da gyaran murya ya kasa ƙarasa ƙofar ɗakin girkinsa.

Ya kamo hannun rigata, ya ce, da ƙarfin da shi a zatonsa raɗa ce, "Zo ka tsaya kusa da ni. Zan ba ta haƙuri. In ta amsa, ka faɗa mini abin da ta ce."