Zauren Kaka da Ba Shi da Ƙyaure

Zauren gidanmu na Salaga bai taɓa samun ƙyaure ba. Kakata, wadda ta haifi uwata, ta ce haka kakanninta suka gina shi, zamanin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano da jakuna, su sauke kanwa da tufafi, su ɗaure huhun goro su juya. Baƙo ko yaushe ya iso, ba sai ya buga ba.

Ni dai tun da na yi wayo ban ga bafatake ko ɗaya ba, sai awaki. Amma kowace safiya sai Kaka ta sa mun share zauren, mun cika randa, ita kuma ta yayyafa wa goro ruwa ta lulluɓe da ɗanyen ganye. In na yi gunaguni ta ce, "Ke, rufa min baki! Baƙo ba ya aiko da sanarwa."

Kawuna, ɗanta, dillalin doya ne, ga faɗa kamar me. Wata shekara ya sayo ƙyauren ƙarfe ya jingine a tsakar gida, wai zai rufe zauren ya riƙa ajiye doya a ciki.

"Inna, doya na ruɓewa a rana, ke kina yi wa awaki shimfiɗa. Fataken nan sun mutu!"

Kaka ta ce, "To. In sabuwar doya ta fito ba wanda ya sauka, ka rufe."

Daga ranar ta rage ci. Ta koma zama a bakin zaure, tana bin motocin da ke zuwa daga garin Yendi da ido. Wallahi tausayinta ya hana ni sakat, na kuma ji haushin Kawu har na daina kai masa ruwan alwala.

Ana gab da tonon doya, da la'asar, sai ga wani dogon mutum da sandar kiwo. Ya yi sallama da Hausarsa irin ta mutanen zango, ya ce shi mai shanu ne daga Bawku. Wai kakansa ya faɗa masa, in ya je Salaga ya nemi gidan da zaurensa ba ƙyaure, nan ne masaukinsu.

Kai, ka ga tsohuwa ta miƙe ba sanda! Ba ta tambayi sunansa ba sai da ya sha ruwa ya fasa goro, don haka al'adar take. Aka yanka zakara. Ta dubi Kawu ta ce, "Sun mutu, ko?" Ya sunkuyar da kai yana susar ƙeya.

Mutumin ya riƙa sauka a wurinmu duk shekara har Allah ya yi wa Kaka rasuwa.

Bayan na yi aure, fataucin hatsi ya kai ni Bawku, na ci karo da shi a kasuwar shanu. Muna gaisawa na tambaye shi labarin kakan nasa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wane kaka? Manomi ne, ko Yendi bai taɓa zuwa ba. Kawunki ne ya kira ni a waya, ya ce uwarsa ba ta cin abinci. Shi ya koya min abin da zan faɗa."

Na tsaya a tsakiyar shanu ina hawaye.

Ƙyauren yana bayan gida har yau, ya yi tsatsa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Kawu ya tsufa. Shi ke cika randar yanzu, yana yi yana faɗa.