Saniyar Jatau da Keken Ɗinkina

Duk wanda ya gan ni yau da wannan tumbin da ke riga ni shiga ɗaki, ba zai yarda na taɓa zama siririn yaro ba. To na taɓa. A ƙauyenmu Gammo, gidan kakata Inna Yalwa, mahaifiyar babana, sirantata ta kai idan na tsaya a bayan turken saniya sai an yi cigiyata. A can na yi ƙuruciya, kuma a can na ji tatsuniyar da ta hana ni sayar da keken ɗinkina bara, alhali mai ba da ita ta fi shekara ashirin a ƙasa. Allah Ya jiƙanta.

Gidanmu gidan noma ne, amma kiwo bai bar jininmu ba, kullum akwai 'yan shanu a bayan gida. Da an yi magariba an ci tuwo, Inna takan tara karmami da busasshen kashin shanu ta hura wuta kusa da turaku, don hayaƙi ya kori sauro. A nan mu jikoki muke zagaye ta, ido na hawaye, hanci na yoyo, amma ko da bulala ba mai tashi. Tatsuniyar Inna ba kyauta ba ce. Kowa sai an zube masa gyaɗa a gaba ya ɓare. Tawa dai rabi a ƙwarya, rabi a ciki.

"Mijin nan nawa," haka take kirana, irin wasan kaka da jika, "in da kai na dogara a gidan nan, da yunwa ta daɗe da kashe ni. Buɗe bakin in gani."

"Inna, ɗanɗana miki nake yi, kar a ba ki mai ɗaci."

"Ji shi! To sake ni in je in auri mai hankali."

Sai ta gyara zama a kan 'yar kujerarta, ta zungura wuta, ta ce, "To, ga wata can ta taho, ƙafarta duk laka." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta shigo, mun share mata wuri!"

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta Jatau. Wai wani mutum ne mai saniya ɗaya tal, fara sol, da ɗan maraƙinta. Saniyar nan nono gare ta na ban mamaki. Kullum safe ƙwarya bakwai take cikawa, har kyanwoyin ƙauye uku suka yi ƙibar da ba sa iya tsallake katanga. Amma kowa ya san yadda ake tatsa: sai an kwance maraƙi ya fara tsotsa, uwar ta lashe shi, nono ya sauko, sannan a janye shi a ɗaure a gabanta, a kafa ƙwarya.

Wata safiya Jatau ya tsaya yana kallon maraƙin nan yana tsotsa, kumfa har hanci. Ya ce a ransa, wannan ɗan banzan ai ƙwarya guda yake shanye mini, ba don shi ba da takwas nake samu. Ranar kasuwa ya ja shi ya sayar.

A nan Inna takan dakata ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ya yi dabara ko?" Mu ce, "Ya yi!" Ta ce, "Allah Ya shirye ku, duk kun biyo dangin uwayenku."

Washegari Jatau ya kafa ƙwarya, ya samu biyar. Jibi uku. Kafin mako ya zagayo, abin da ke ɗiga ko ƙuda ya faɗa ciki ba zai jiƙe ba. Ya ce laifin ƙwarya ne, ya sayo sabuwa mai zane. Shiru. Ya ce hannun matarsa ne ya yi sanyi, ya karɓi tatsar da kansa. Shiru. Ya dinga ɗura wa saniya dusa da harawa da kanwa har ta yi faɗin rumbu, ana zagaya ta a gaji. Ya kawo mai sarewa ya busa mata kwana uku. Da haushi ya ishe shi ya ɗauki sanda. Duk a banza. Saniya dai ta kafe kai wuri guda, ba ta ko kaɗa jela.

Sai ga wata tsohuwa ta biyo neman ruwan sha, ta tarar da shi tsugune, ya zura kai ƙarƙashin saniya kamar mai neman allura. Ta ce, "Ɗana, tashi ka dubi inda take kallo." Ya ɗago, ya ga idonta na kan hanyar da ya bi da maraƙin. Tsohuwa ta ce, "Wata guda kana kallon hantsarta, ita tana kallon hanya. Ai ba don ƙwaryarka take yin nono ba."

Jatau ya ɗaura ɗamara ya shiga neman maraƙi. Kasuwa bakwai ya taka, takalminsa ya cinye, tafin ƙafarsa ma ya fara cinyewa, kafin ya same shi ya roƙi mai shi ya sayar masa. Tun daga bakin gari saniya ta ji ƙanshin ɗanta, ta yi wani kuka da ya zubo da tsamiyar ƙauyen gaba ɗaya.

Mu duka muka yi ihu, "Sai nono ya dawo, ƙwarya bakwai!"

"A'a," in ji Inna. "Rabin ƙwarya. Kun zaci rijiya ce? Abin da ya yi wata yana ƙafewa ba ya dawowa da safe ɗaya. Rabi, sannan guda, sannan biyu. Sai da damina ta zagayo ya ga bakwai ɗinsa, kuma bai ƙara yi wa maraƙi ƙyashi ba." Ta karkaɗe zaninta ta ce, "Ta tashi ta tafi, wanda bai ji ba ya tambayi toka. Ku kawo gyaɗata."

A lokacin abin da na fahimta bai wuce cewa haɗama ba ta da kyau ba, kuma na tabbata da ni da gyaɗar take. Na ajiye tatsuniyar a inda ake ajiye irinta, na girma.

Da na gama koyon ɗinki a Gwarzo, Inna ce ta sayar da karsanarta ta saya mini keke, baƙi, irin na takawa da ƙafa. Ranar da aka kawo shi ta shafa shi ta ce, "To miji, yau dai ka zama abin aure." Shekara ashirin da shida ina taka keken nan. A shekarun farko, wallahi kafin zakara ya buɗe baki na buɗe shago. Abin da na fi so a duniya shi ne lokacin da mutum zai zura sabuwar riga, ya tsaya gaban madubi, ya ɗan juya, ya gyara kafaɗa, ya yi ƙoƙarin ɓoye murmushi ya kasa. Na ga manoma da suka shigo a sunkuye sun fita suna tafiyar hakimai.

Daga baya harka ta buɗe. Na samu kwangilar yunifom na wasu makarantu. Aiki ne mai albarka, ban raina ba, amma riga ɗari launi ɗaya, awo uku: ƙarami, matsakaici, babba. A ɗinka, a cusa a buhu, mai babur ya zo ya ɗauka. Masu kawo yadi ɗaya-ɗaya kuwa sai na ga ɓata lokaci ne kawai, ga awo, ga hira, ga "ɗan sassauta mini wuya." Na fara cewa su ajiye, ko su gwada gaba.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai wayi gari ina jin ƙafata ta yi nauyin buhun masara a kan keke. Shagon da nake buɗewa da asuba ya koma sai hantsi, hantsin ma sai maman yara ta tsaya a kaina. In na zauna, sai in yi awa guda ina kallon zare kamar shi zai ɗinka kansa. Na je asibiti aka auna ni ciki da waje, likita ya ce lafiyata ƙalau, tumbin dai a rage. Na yi wa shago sabon fenti. Na sayi kujera mai juyawa, na yini ina juyi. Ɗana ya tura mini bidiyon wasu masu kwat a waya, suna daka tsawa wai ka tashi ƙarfe huɗu ka ci duniya. Na tashi ƙarfe huɗu kwana biyu, abin da na ci ɗumamen tuwo ne.

Ƙarshe na ce na gaji, sana'ar ce ta fita daga raina. Na yi magana da wani tela daga garin Kara, Malam Idi, muka shirya zai zo ranar Juma'a bayan masallaci ya ɗauki keken. Maman yara ta ce, "Malam, keken Inna fa? To me za ka koma yi?" Na ce rake zan sayar, ko ba komai rake bai taɓa dawowa ya ce hannu ya yi masa gajere ba. Ba ta yi dariya ba. Ni ma a cikina ban yi ba.

Ranar Alhamis da sassafe na tafi Gammo sunan ɗan ƙanena. Kafin a taru na zagaya bayan gida, na tarar da Goggo Hansai, ƙanwar babana, za ta yi tatsa. Ta kwance maraƙi, ya ruga ya kama, uwar ta sunkuyo tana lasarsa. Don tsokana na ce, "Goggo, kin bar shi zai shanye mana na fura."

Ba ta ko waiwayo ba. "Kai da ka tashi a gidan nan kake wannan magana? Zaman birni ya cinye maka kai."

"Goggo, Gwarzon ce birni?"

"In ba birni ba, me ya mantar da kai? Hana maraƙin ka gani in za ka sha ko cokali."

Sai na waiwaya na dubi wurin. Ina tsaye a daidai inda Inna take hura wuta. Fentin shago, kujera mai juyawa, masu kwat a waya, duk suka jero a gabana: sabuwar ƙwarya, dusa, mai sarewa. Ashe shekara uku ke nan ban ga fuskar mutum ɗaya a cikin rigar da na ɗinka ba. Da hannuna na kai maraƙin kasuwa, sannan na zauna ina zagin saniya.

Ana shafa fatiha na hau babur. A shago na tone ƙarƙashin buhunan yunifom na zaro wani farin yadi. Na Baba Tanimu ne, ladanin masallacin unguwarmu, 'yarsa ta aiko masa tun kafin azumi. Na ce masa ya ajiye, salla ta zo ta wuce, dattijon nan bai taɓa tambaya ba, kuma sau biyar a rana nake jin muryarsa. Na rataya tef a wuya na same shi a gindin dalbejiyar masallaci.

Bayan mun gaisa har da tambayar gajiya da iyali da jikoki, na ce, "Baba, awo na zo yi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Haladu, ai na zaci ka ajiye mini shi ne na likkafani."

"Haba Baba, ai sai ka ga jikan jikanka. Ɗaga hannu."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ko da yake na iya. Ƙafata ba ta yi sauƙi nan take ba. Na taka keken nan ranar kamar mai tura mota a yashi, har sau biyu ina farke wuya. Amma duk ɗinkin da na ja, kafaɗar Baba Tanimu nake gani, wadda ta hagu ta ɗan fi sauka, na kuwa bi ta yadda take. Da hantsin Juma'a na kai masa kaftani da wando. Ya shiga ɗaki ya fito. Ya ja hannun riga, ya shafa ƙirji, ya ɗan juya. Ya so ya daure, gemunsa ya tona masa asiri. Kiran sallar da ya yi ranar, na rantse har a ƙauyen Mainika an ji.

Da aka sauko daga masallaci, Malam Idi ya iso da igiyar ɗaure kaya. Na tare shi da lemo mai sanyi da ban haƙuri. Ya ce, "Wani ya ƙara maka kuɗi ne?" Na ce, "A'a, mai keken ce ta hana." Ya ce, "Ba ka ce ta rasu ba?" Na ce, "Ai ba ka san ta ba ne."

Yanzu in ƙwazon mutum ya mutu ya zo yana mini kuka, ba na ce masa rago, don na san ba kullum lalaci ba ne. Sau da yawa abin da ke sa mu yin aikin ƙarami ne, kuma yana kama da asarar lokaci, shi ya sa shi muke fara korewa in harka ta buɗe. Ban bar yunifom ba, da shi ake cefane. Amma kowane mako akwai riga ɗaya da ni zan auna, ni zan yanka, ni zan kai, in tsaya har a sa a gabana. Ƙwaryata ba ta kai bakwai ba tukuna, ina wajen huɗu, ranar Litinin ma uku. Amma jiya maman yara ta leƙo da safe da niyyar tashina, ta tarar da shimfiɗa ba kowa, sai ƙarar keken Inna daga shago a ƙofar gida.