Keken Kwance da Akwatin Sale

Kubwa, biyar saura kwata na asuba

Ranar Litinin ɗin da zan koma aiki, biyar saura kwata na turo keken daga baranda. Wata goma sha ɗaya ke nan rabona da ofis. An yi mini aiki a ƙashin baya, na warke har ina takawa da ƙafata, amma zama a miƙe ya gagare ni. In na yi minti ashirin a kujerar mota sai ƙafar hagu ta mutu mini, zafi ya hau har ƙeya. Daga gidana zuwa ma'aikatarmu a tsakiyar gari kilomita ashirin da bakwai ne, kuma wanda ya san cunkoson safiya ya san bas kan cinye awa biyu a hanyar.

Takardar da aka aiko mini ba ta da tsawo. In ban sa hannu a rajista kafin ƙarfe takwas na ranar ba, kwamiti zai zauna ƙarfe tara ya yi mini ritaya saboda rashin lafiya. Shekarata hamsin da biyu, 'ya'yana huɗu duk suna makaranta, ban kuma iya wata sana'a ba ban da jera fayil.

Maƙwabcina Bulus, mai walda ɗan Filato, shi ya ƙera mini keken daga wani hoto da likita ya nuna mini a waya. Taya uku gare shi. Mutum yana kishingiɗe a kujerar saƙa, feda na can gaba, bayansa na hutawa, kansa bai fi tsayin tayar tirela ba. Abu guda na roƙi Bulus, kuma sai yanzu nake jin kunyar faɗa: kada ya shafa masa shuɗin fenti, don kada ya yi kama da keken guragu. Ya shafa ja. Ni kuma na sa farar riga da lakataya, na rataya katin aiki a wuya yadda kowa zai gani.

Bulus ya fito da singileti yana haska sarƙar da tocila.

"Oga Hashimu, wannan sarƙa guda uku na haɗa, shi ba ya son garaje. In ka zo hawa, small small."

Matata Hajara ta ɗaure mini gorar ruwa a gefen kujera, ta gyara tutar lemo da muka kafa a baya don direbobi su gan ni. Ba ta son tafiyar nan, ta faɗa mini tun daren Juma'a, ba ta kuma maimaita ba.

"Baban Nana, in bayan ya motsa ka tsaya. Aiki ba rai ba ne."

Na ce to. Na yi bisimilla na taka.

Mahaɗar Dutse Alhaji, biyar da minti ashirin da biyar

Kilomita shida na farko a ƙaramar hanyar gefen babban titi na yi su. An yi ruwa da dare, kwalta na sheƙi, sanyi na shiga ta ƙafar wando. Daga ƙasa duniya daban take. Hayaƙin salansa a fuska yake sauka, duk motar da ta wuce kuma ba na ganin direbanta, sai ƙarƙashinta. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Amma bayana shiru, ko motsi bai yi ba.

Na tsaya a wani masallacin bakin hanya na yi asuba. Bayan sallah na sha shayi da rabin biredi wajen wani Basakkwace, naira ɗari bakwai. A kan keken na sha, don bencinsa ya fi ƙarfina. Ina cikin sha wani dattijo ya fito daga masallaci, ya sunkuyo ya ajiye mini naira ɗari biyu a kan cikina, ya ce, "Allah ya ba da lafiya, bawan Allah," ya wuce.

Na bi shi da kallo. Shekara ashirin da tara ina aikin gwamnati, ga lakataya, ga kati, amma abin da ya gani mutum ne a ƙasa kan taya uku. Mai shayi ya ƙunshe dariya. Na cusa kuɗin a aljihun riga.

Dawaki zuwa Katampe, shida zuwa bakwai saura

Daga Dawaki gari ya waye, motoci suka yi sahu huɗu suna rarrafe. Nan na fara jin daɗin abin. Ina wuce su ɗaya bayan ɗaya ta gefe, mutane a matse cikin bas suna leƙo ni ta taga. Wani kwandasta ya yi ihu, "Baba, gado ne ko keke?" Wata mata ta ɗauke ni a waya. A ƙofar Gwarimpa wani ɗan sanda ya ɗaga mini hannu, ya zagaya keken sau biyu, ya rasa takardar da zai tambaya, ya ce in je Allah ya kiyaye.

Hawan Katampe shi ya ƙure ni. A keken kwance ba a miƙewa a danna feda da nauyin jiki, cinya ce kawai take aiki. Na manta gargaɗin Bulus, na dage da ƙarfi. Ina gangarawa wajen Mabushi na ji ƙas, feda ta juya a banza. Sarƙa ta tsinke, ta zube a kwalta. Na duba agogo, bakwai saura minti goma. Saura kilomita bakwai.

Mabushi, bakwai saura minti goma

Na sauka na tsaya a kanta. Sunkuyo na daga cikin abin da likita ya hana ni, ko da ma na sunkuya ban san me zan yi ba. Ina nan sai ga wani mutum ya fito daga lungun ƙauyen Mabushi a keken guragu, shuɗi, irin wanda ake murzawa da hannu. Zai yi shekara arba'in, kafaɗunsa kamar na ɗan dambe, ƙafafunsa a naɗe a ƙarƙashinsa. Akwatin katako na ɗaure a bayan kujerarsa.

"Sannu Malam. Ta tsinke?"

Bai jira amsa ba. Ya sauko da hannu biyu, ya jawo akwatin, ya fito da guduma da ƙusa da filaya. Sunansa Sale, ɗan wajen Katsina, gyaran takalmi yake a gindin wata bishiya kusa da ofisoshin Wuse. Ya cire gaɓar da ta karye, ya haɗa, ya daddaka kan ƙusar a bakin kwalbati. Yana yi yana yaba aikin Bulus.

"Wanda ya yi wannan ya san ƙarfe. Amma ya bar ta da tsawo. Mu da muke ƙasa, sarƙa ita ce ƙafarmu, kullum sai an duba ta."

Wannan "mu" ɗin ta tsaya mini a rai. Na yi maza na ce ai ni ciwon baya ne kawai, ina tafiya. Ya ɗago ya dube ni a tsaye, ya ce, "Na gani ai. Allah ya ƙara sauƙi."

Na zaro ɗari biyun nan zan ba shi. Ya tambayi inda na samo ta duk a cukurkuɗe, na ba shi labari ina huci. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Yau ka fara. Ni kullum sai an jefo mini, ina tsaka da ɗinki. Ba na zuciya, tarawa nake, ranar Juma'a in zuba a asusun masallaci. Mai bayarwa ladansa yake nema, me zai sa in hana shi? Mayar da abarka."

Bakwai da minti biyar muka tashi tare, yana gaba ina biye, don ya san inda ramuka suke. Na gaya masa zancen rajista da ƙarfe takwas. Ya ƙara wa hannunsa sauri.

Shataletalen shiga Wuse, bakwai da minti ashirin da biyar

Mota ce mai buɗaɗɗen baya a gicciye, da mutum biyar masu riguna iri ɗaya, cikin masu kwashe mabarata daga titunan birni. A bayan motar akwai makafi biyu da wata tsohuwa da guragu uku, an jibge kekunansu a gefe. Kafin mu ankara an riƙe kan keken Sale, an riƙe nawa.

"Ku biyu, oya, mota!"

Sale ya ce, "Yallaɓai, sana'a gare ni, ga akwatina." Ba wanda ya dubi akwatin. Ni na ɗaga katin wuyana, wanda ya riƙe ni ya ce kowa ma yana iya buga kati. Biyu suka zo za su ɗauke ni cak, ɗaya ta hammata ɗaya ta ƙafa.

Sai na miƙe. Na dafa kujera na tashi tsaye, na yi taku uku gaba, na yi uku baya, a gaban motar, a gaban mutanen da ke cikinta. Har da ɗan buga ƙafa a ƙasa. Ba wanda ya ce in yi haka.

Babbansu ya taho da sauri. "Ah, sorry sir! Wallahi mun ɗauka irinsu ne. Oga na motsa jiki ne. A ba shi hanya!"

Lokacin an riga an ɗora Sale. Na ce, da murya wadda ni kaina da ƙyar na ji ta, "Wannan ma ba bara yake ba. Yanzu ya gyara mini keke."

"In oga zai tsaya masa, sai ya biyo mu ofishinmu ya rubuta. Can bayan gari ne."

Na duba agogo. Na duba a gaban Sale, ya kuma ga na duba. Bakwai da rabi da minti biyu, saura kilomita huɗu, akwai hawa ɗaya.

Sale ya miƙo akwatinsa ta saman ƙarfen motar. "Je ka, Malam, za ka makara. Riƙe mini wannan, kaya kan ɓace a can. Mabushi, bayan masallacin kwano, ka ce gidan Sale mai takalmi. Ka ce wa Talatu kada ta jira ni da abinci."

Na karɓa. Na kwanta a kekena, na ɗora akwatin a kan cikina, na taka.

Ofis, takwas saura minti shida

Na sa hannu takwas saura minti shida. Masinja ya rungume ni, abokan aiki suka sauko kallon keke, shugabar sashenmu ta ce a kawo mini kujera mai kwantawa. Kwamiti ya zauna ƙarfe tara, bai yi minti goma a kaina ba. Aikina ya tsira. Na yini akwatin na ƙarƙashin teburina, warin man takalmi na tasowa, abincin da Hajara ta zuba mini ko buɗe shi ban yi ba.

Mabushi, biyar da rabi na yamma

Lungun ya yi laka, da ƙyar tayoyi suka shiga. Aka nuna mini ɗaki ɗaya mai labulen buhu. Na yi sallama daga kan keke. Talatu ta fito da goyo, ta ga akwatin, ta dafe bango. Na faɗa mata abin da ya faru da saƙon mijinta. Ba ta yi kuka ba, ashe wannan ne karo na uku.

Sai ta dubi kekena, ta dube ni a kwance, ta ce cikin tausayi, "Kai ma sun tare ka, ko? Sannu. To kai yaya aka yi suka sake ka, ko za mu gwada a kansa?"

Da na ce mata kati ne, da ta yarda.

Na ce, "Miƙewa na yi. Na tashi tsaye na nuna musu ina tafiya."

Ta sunkuya ta ɗauki akwatin daga cikina, ta ce, "To. Allah ya saka da alheri da ka kawo." Ta saki labule.

Kubwa, bayan magariba

Na iso gida bakwai da kwata, yara suka tare ni da ihu a bakin layi. Hajara ta ga fuskata ta kore su. Washegari na sa hannu da wuri, na nemi izini, Bulus ya rufe shago ya kwantar da ni a bayan motar wani abokinsa muka tafi bayan gari. Rubutun da aka ce in yi bai kai layi biyar ba. Sale ya kwana ɗaya a can, a siminti. Kekensa ya fito da taya a lanƙwashe, Bulus ya miƙar da ita a daren.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya bar mini abincin 'ya'yana. Na gode wa Bulus da Hajara. Sale kuwa ban san yadda zan gode masa ba, don duk ranar da na ɗauko zancen sai ya ce in duba sarƙata. Yanzu kullum bakwai saura yana jirana a bakin kwalbatin Mabushi, mu shiga gari tare. Na daina sa lakataya a hanya. Sau biyu aka sake tare mu a shataletalen nan, sau biyun a kwance na yi magana, har aka sake mu tare.