Jarrabawar da na yi a kan dutse

Shekarun baya, ina koyarwa a wata firamare a ƙauyenmu da ke gefen Doguwa, ina kuma karatun digiri daga gida. Abin da ya rage mini shi ne in kare aikin bincikena a gaban malamai uku ta kiran bidiyo. An faɗa mana wanda layinsa ya katse har aka kasa ci gaba, sai baɗi.

Duk garin wuri ɗaya ake samun sabis, kan wani dutse a bayan gonar masarar kawuna. Na hau da safe, na sa farar riga mai guga, wando kuwa na naɗe shi har gwiwa, duk taɓo. Na ce ai iya ƙirji za su gani.

Ina cikin amsa tambaya ta biyu sai ga wani dattijo, aminin mahaifina, ya biyo shanunsa. Ya yi sallama. Ban san lokacin da na durƙusa ba.

"Baba, ina kwana?"

Durƙusawar nan ita ta kashe ni. Hoton ya daskare, shugaban malaman ya tsaya da baki buɗe. Dattijo kuwa bai gama ba, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya tambayi ƙafar mahaifiyata. Ina amsawa, idona na kan wayata.

Da ya lura, ya ce, "Malam, lafiya?"

Na gaya masa. Ya ce, "To me kake yi a ƙasa? Tashi mana."

Ina miƙewa hoto ya dawo. Ashe murya ba ta ɗauke ba, sun ji komai. Na fara ba da haƙuri, shugaban ya katse ni, ya ce, "Ba ni Baba mu gaisa tukuna."

Suka gaisa kamar sun daɗe da sanin juna. Baba ya ce masa, "Ku sassauta masa, shi ke koya wa jikokina karatu." Sannan ya kora shanunsa nesa, ya tsare hanya har na gama.

Na ci jarrabawar. Da na sauko sai da na zauna a bakin gona na huta.

Yanzu an kafa ƙarfen sabis kusa da mu, daga ɗaki nake kira. Baba ya rasu. Har ya bar duniya, duk inda aka zauna cewa yake shi ya yi mini magana aka ba ni digiri. Ban taɓa gyara masa ba.