Wanda Ya Share Abincin Mangwaro

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin nan ya san Baba Mai Shara, ko da bai taɓa ganin fuskarsa sosai ba, don kullum a sunkuye yake. Shekara talatin da ɗaya yana share farfajiyar. Likitoci sun zo sun tafi, an sake fentin bango sau biyar, manajoji kuwa tuni ya daina ƙirga su. Abu ɗaya ne ya riga shi zuwa wurin, wato mangwaron da ke tsakiyar farfajiya, wanda masu jiran layin kati suke fakewa a inuwarsa. A nan yake cin abincin rana, a nan kuma ya zauna ranar da aka fito daga ɗakin mata aka ce masa ya yi haƙuri, mai ɗakinsa ta cika.

Shara dai Baba ya iya ta har ta zame masa ciwo. Ganye bai isa ya yi awa ɗaya a ƙasa ba. Ciyawa ta leƙo ya tuge ta, tsutsar ƙasa ta fito bayan ruwan sama ya haɗa da ita. Ƙasar gindin bishiyar ta daskare ta yi sulɓi kamar daɓen siminti, har baƙi ake nuna wa. Wata shekara aka ba shi takardar yabo, ya sa mata gilashi ya rataye a ɗaki. Da yake an hana ƙona shara saboda masu ciwon ƙirji, sai ya riƙa loda ganyen a baro yana juyewa a wani tsohon rami da magina suka bari bayan ɗakin wanki. Baro biyu da safe, ɗaya da yamma.

A hankali mangwaron ya fara ja da baya. Ya daina 'ya'ya, ganyensa ya ƙanƙance ya koɗe, inuwar ta yi huji-huji har masu jira suka koma bin bango. Rannan wani busasshen reshe ya faɗo ya raba bencin jira biyu. Allah Ya sa ba kowa a kai. Manaja, wani matashi mai saurin magana, ya fito ya dubi bencin ya dubi sama.

"Baba, bishiyar nan ta gama yayi. Idan damina ta sauka ba ta farfaɗo ba, sarewa za a yi."

"Ranka ya daɗe, tsufa ne kawai. A bar ta mu gani."

"Tsufan ne ai ba na so ya faɗo wa mutane a ka."

Baba ya koma ga tsintsiyarsa, amma abin ya tsaya masa a rai. Saura masa shekara guda ya ajiye aiki, kuma a lissafinsa shi zai tafi ya bar ta tsaye.

Ranar Asabar autarsa ta zo gaishe shi. Malamar makaranta ce, ba ta zuwa ko'ina ba da tulin littattafan yara ba. Ta baje su a tabarma tana duba aiki, shi kuma yana kwance yana fama da baya. Idonsa ya faɗa kan wani zane: bishiya, akuya, tsutsa, ga kibiyoyi sun yi zobe.

"Auta, wannan me yaran suka zana, bishiya tana bin akuya da gudu?"

Ta yi dariya. "Zagayen abinci ne, Baba. Bishiya tana jan abinci daga ƙasa ta yi ganye. Ganyen ya faɗo, ko dabba ta ci ta yi kashi, sai tana da gara da wasu ƙwayoyin da ido ba ya gani su cinye shi ya ruɓe ya koma ƙasa. Saiwa ta sake ɗauka. Abu ɗaya ne yake ta zagayawa."

"Wannan kibiyar kuma da ta fito daga rana? Ban ga ta koma ba."

"Ita ba ta komawa. Ƙarfin rana shiga yake ganye, daga ganye ya shiga jikin wanda ya ci, kowa ya ƙone rabonsa wajen motsi da numfashi, ya fita a zafi. Kullum sai rana ta kawo sabo."

Sai ya ce, "To idan wani ya riƙa kwashe ganyen fa, kullum, bai bar ko ɗaya ba?"

"Ai ya yanke zoben. Ƙasar za ta yi ta bayarwa ba a mayar mata, har ta tsiyace." Ta ɗago kai, ta ga inda yake kallo, takardar yabo ce a bango. Sai ta sassauta murya. "Baba, ba lalle wannan kaɗai ba ne. Bishiyar asibitin nan ga tsufa, ga simintin da aka zagaye ta da shi."

Kunya ce ta kama shi, irin wadda ba ta da wurin ɓoyewa.

Litinin da safe ya zagaya bayan ɗakin wanki da shebur. Shekara da shekaru yana juye ganye a ramin nan bai taɓa tona ƙasansa ba. Ya kau da na sama, sai ga ƙasa baƙa wuluk, mai sanyi, mai ƙamshin ruwan farko, tana sai mutsu-mutsu suke a ciki. Abincin mangwaro na shekara talatin da ɗaya ne a jibge, taku ɗari da hamsin daga gindinsa. Baba ya daɗe tsaye riƙe da ƙugu.

Daga ranar baron ya juya hanya. Ya sa diga ya farfasa daskararriyar ƙasar da tsintsiyarsa ta goge, ya riƙa turo baƙar yana zubawa, ya rufe da ganyen da ya share. Matar da ke wankin zannuwan gado ta leƙo ta taga. "Baba, ko an sauya maka aiki ne? Da fitar da shara kake, yanzu shigo da ita kake yi." Ya ce mata ajiya ce yake mayar wa mai ita. Manaja ya yi ƙorafin ƙazanta sau biyu, da ya ga tsohon ba ya ji sai ya ƙyale shi.

Abin da ya kwashe yana da ƙarfinsa, yanzu yake mayarwa ba shi da shi. Baro huɗu ya sa wa kansa a yini, ya koma uku, ya koma biyu, shi ma sai ya huta a hanya. Yakan tuna kibiyar nan ta Auta da ba ta komawa, ya ce a ransa lalle yaran sun zana daidai. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya wankewa.

Damina ta sauka. Bayan mako uku wani reshe guda ta gefen ɗakin magani ya fito da sabon ganye ja, mai laushi. Baba ya je har ofis ya kira Manaja. Manaja ya zo da mai injin yankan itace, wanda ya ƙwanƙwasa kututturen da ƙotar gatari, aka ji ƙarar rami.

Mai injin ya ce, "Baba, cikinta ya mutu. Da shekara goma baya aka yi mata wannan gatan, da wataƙila."

Kafin azahar an gama sare ta. Aka loda itacen a mota, rana ta sauko farfajiyar gaba ɗaya, masu jiran kati suka manne da bango. Ya rage kututture, da garin katako, da ganye birjik, har da jajayen.

Manaja ya dafa kafaɗarsa. "Sannu Baba, ka yi ƙoƙari. A share wurin kafin likitoci su fito zagaye."

Baba ya ɗauki tsintsiya ya sunkuya. Ya tattaro garin katakon da ganyen tsaf, kamar yadda ya saba, amma bai jawo baro ba. Ya tura su gindin kututturen, kan baƙar ƙasar, ya daddanna da ƙafa.

"Baba, a nan za ka bar su?"

"A nan, ranka ya daɗe. Nata ne."

Ya jingina tsintsiyar da kututturen, ya zauna a kai cikin rana, ya buɗe kwanon abincinsa.