Na Kai Maƙwabcina Gaida Attajirin Ƙasarsu

Mu Kanawa muna da wata ɗabi'a a baƙon wuri: in babban mutum daga gida ya sauka, sai ka kama hannun naka ka kai shi gaisuwa, ko Allah zai sa ya samu inuwa. Da wannan ɗabi'ar na zo Dubai, ita ce kuma ta kai ni ta baro.

Ina da maƙwabci a unguwar Karama, mai shagon yadi, Musulmi ɗan ƙasar Bama. Tare muke zuwa Juma'a, tare muke shan shayi. Iyalinsa suna nan tare da shi, mahaifiyarsa kaɗai ta rage a ƙauye, kuma hankalinsa kullum yana kanta. In na taɓo hirar gida sai ya kawar da zancen. Ni kuwa sarkin surutu ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Lokacin ina harkar aika kaya a wani sito a unguwar Al Quoz. Wani attajiri ɗan Bama ya kama rabin siton yana ajiye katako. Ma'aikatansa suka yi ta ba ni labarinsa har na haddace. Da sayar da tayoyi ya fara, ya auri 'yar wani janar, daga nan likkafa ta ci gaba: katako, siminti, haƙar duwatsu masu daraja, otal-otal, har da banki. Abin ya burge ni ƙwarai. A wurinmu ai wannan shi ake kira mutum ya isa.

Ranar da aka ce zai zo duba kayansa, na leƙa shagon maƙwabcina.

"Yalla, habibi, taso mu je, abokina, rufe shagon nan, akwai alheri."

Ban gaya masa inda za mu ba, wai ni zan ba shi mamaki.

Muka isa siton muka tarar da shi. Attajirin gajere ne, ɗaure da zane irin na mazan ƙasarsu, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na matsa gaba ina washe baki, da guntun Turancina na ce, "Ranka ya daɗe, ga ɗan ƙasarku na kawo maka!" Ban tsaya nan ba. Na faɗi sunansa, na faɗi sunan ƙauyensu da na taɓa ji a bakin 'ya'yansa, na ce tsohuwarsa tana can ita kaɗai, in da hali a riƙa leƙa ta.

Attajirin ya yi murmushi, ya maimaita sunan ƙauyen a hankali. Ya ce ya san wurin sarai, kamfaninsa na aiki a can. Maƙwabcina ya rusuna, idonsa a ƙasa, yana amsawa da yarensu. Na ɗauka ladabi ne, har ina jin daɗi.

Sai a mota maƙwabcina ya yi mini magana. Ya ce wannan kamfanin ne ya ƙwace gonakin ƙauyensu, sojoji a gaba, motocin katako a baya. Shi da wansa suna cikin waɗanda suka kai ƙara. Wan aka tafi da shi, bai dawo ba. Shi ya tsere, tsohuwar kuma ta zauna lafiya ne don ba wanda ya alaƙanta ta da shi.

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara ba shi haƙuri.

"Khalas, ya wuce," ya ce. "Na san alheri ka nufa."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ciro waya ya kira gida. Ban ji yaren ba, amma na ji muryar tsohuwa tana tambaya, shi kuma yana lallashi. Da ya kashe na kasa haƙuri, na tambaye shi me ya ce mata.

"Na ce ta bar gidan yau, ta koma wurin ƙanwarta."

Ya juya yana kallon titi.

"Ta tambaye ni wa ya gaya musu inda take. Na ce mata abokina ne."