Damben da na yi a ƙofar shagon Bajapane

Lokacin da kuɗin mai suka yi wa Najeriya yawa, gwamnati ta rasa wanda za ta turo London koyon gyaran mota sai ni, da ko firamare ban gama ba. A unguwar Plumstead na sauka. Duk layinmu mutum ɗaya ke gaishe ni, wani tsoho Bajapane mai shagon kifi da shinkafa. Ya sunkuya, in durƙusa, ya ƙara sunkuyawa, kifi na jiranmu.

Wasu 'yan iskan Turawa masu askin ƙwal-ƙwal da manyan takalma sun sha fasa masa gilashi. Ya ce mini, "In suka ƙara, zan bi ƙanena Los Angeles. Can mutanenmu unguwa guda gare su."

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Jikan mahauta ne maƙwabcinka, dambe gadonmu ne."

Ran Asabar da hantsi sai ga su. Tsoho ya fito, ya haɗa ƙafa, ya sunkuya musu, wai a wasan kokawar garinsu ba a kama mutum sai an gaisa. Takalmi ya same shi a baki. Na ji faɗuwar haƙorinsa a kan dakali.

Na fizgi tawul ɗin kifi na naɗe hannun dama, na miƙa hagu, na sauke wa babbansu ɗaya a kunne. Gwiwarsa ta taɓa ƙasa. To, a dambe an yi kisa ke nan, magana ta ƙare. Na juya baya, na ɗaga hannu ina kirari. Ashe makarantun Ingila ba sa koyar da wannan. Kwalbar madara ta fashe a ƙeyata, jini ya cika mini wuyan riga, suka yi ta ƙwallo da haƙarƙarina. Matar tsohon ce ta kore su da tafasasshen ruwa da wuƙar kifi. Ita ba ta gaishe da kowa ba.

A asibiti gadonsa na kusa da nawa. Da kumburarren baki ya ce, "Me ya sa ka tsaya?"

"Kai me ya sa ka sunkuya, Baba?"

Kafin a cire mini zaren ɗinki ya rufe shago. Ranar da zai tafi Amurka ya sunkuya mini a bakin ƙofa. Sai da na duba gabas da yamma sannan na durƙusa.